Garwashin Ɗakin Ƙarshe

Da za a ba ni yini ɗaya in koma baya in warware abin da na ƙulla, ba zan zaɓi ranar da na rabu da gonar gabas ba, ko ranar da na yi wa ƙanena maganar da ta raba mu shekara uku. Zan zaɓi wata magariba ta lokacin ɗari a Gangara, in ajiye kaskon wutar da ke hannuna, in koma in zauna. Mutum ya mutu ta dalilin wannan kasko. An ɗora wa matarsa laifin, ni kuwa ina tsaye a wurin, kuma da bakina na taimaka aka ɗora mata. Sunanta Raishatu. Kun san sunan, ku ƴaƴana da jikokina, domin a bakinku nake jin sa. Abin da ba ku sani ba shi ne matar da ke bayan sunan.

Lawali ne, ɗan Hadiza, ya sa na ɗauki alƙalami. Da ya dawo daga karatu a ƙasar Turawa ya zo gaishe ni, muna zaune a rana da hantsi, na tambaye shi yadda suke yi da sanyin da ake cewa har ruwa yana daskarewa. Ya ce ai a birnin da ya zauna ba mai hura wuta a ɗakinsa. Akwai gida guda a gefen gari wanda aikinsa kawai dafa ruwa. Ruwan zafin yana bi ta bututu a ƙarƙashin ƙasa, ya shiga manyan benaye inda ƴan haya suke, ya hau ɗaki-ɗaki ta cikin wani ƙarfe da ke jikin bango. Ƙarfen ya ɗumama ɗakin, ruwan ya huce ya koma inda ya fito a sake dafa shi. Ɗan haya bai san mai wutar ba, bai taɓa ganin fuskarsa ba, iyakarsa ya ɗora hannu a kan ƙarfen ya ji ko da ɗumi. Na ce to idan mai wutar ya yi sakaci fa? Ya yi dariya.

"Ai Kaka, ni zan ba ka labari. Ɗakina ne na ƙarshe a can sama. Idan wutar ta yi rauni, na ƙasa ba su ma sani ba, ni ne nake kwana da takalmi a ƙafa."

Yana cikin dariyar sai muka ji uwarsa a tsakar gida tana yi wa ƙaramar ƴarta tsawa, yarinyar ta ɗauko itace mai wuta za ta shiga ɗaki da shi. Ta ce mata ta ajiye, kada ta yi musu Raishatu. Furar da aka kawo mini ran nan haka aka ɗauke ta ban taɓa ba.

Mahaifina fatoma ne, wato mai saukar da baƙi. Gidanmu yana bayan kasuwa, ɗakunan ƙasa ne a jere kamar hannu da aka lanƙwasa, suka fara daga zaure suka ƙare a kusurwar arewa. Waɗansu baƙin ƴan kwana uku ne, masu zuwa da raƙuma su sayi gero su wuce. Waɗansu kuma sun zauna shekaru, sun zama kamar ƴan gida. A lokacin ba a daɗe da kwantawar yaƙin arewa ba, ayari ya fara dawowa hanya, kowane fatoma yana neman a san shi. Kun san Damargu, gero akwai, itace babu. Mace takan fita da safe ba ta dawo da dami guda ba sai azahar. Da kowane ɗaki zai hura tasa wuta, da ɗari bai kai rabi ba gidan ya ƙone abin da yake da shi. Saboda haka tun zamanin kakana wuta ɗaya ake yi. Akwai rami a tsakar gida, an yi masa ƴar katanga ta gefen da iska ke zuwa. Kowa abin da ya samu yake kawowa, mai itacen aduwa, mai kara, mai busasshen kashin raƙumi, a zuba wuri guda, ba a duban hannun da ya kawo. Bayan la'asar a kunna. Kafin magariba harshen ya faɗi, hayaƙin ya tafi, sai garwashi. Sannan a kwasa a kasko-kasko, a yayyafa toka a kai don ya kai safe, a kai wa kowane ɗaki nasa.

Mai riƙon wutar ita ce Gwaggo Hajo, yayar mahaifina, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta. Gajeriyar mace ce mai kaifin baki, gashin hannunta duk wuta ta cinye. Tana da wani faffaɗan ƙarfe da take kwasar garwashi da shi, ba ta yarda kowa ya taɓa. Dokokinta uku ne, kuma duk baƙon da ya sauka sai ta karanta masa su kafin ya sauke kayansa. Ba a hura wuta a ɗaki. Ba a toshe ƴar kafar da ke saman ƙofa, ko da sanyi zai kashe mutum. Kuma kwasar farko, wadda ta fito daga tsakiyar rami, jajayen garwashin aduwa masu nauyi, ta ɗakin ƙarshe ce. Daga can ake tahowa, ɗaki bayan ɗaki, har a ƙare a na bakin zaure. Na taɓa tambayarta dalili. Ta ce ɗakin tsakiya maƙwabtansa suna ɗumama shi ta bango biyu, na bakin zaure kuma yana fuskantar ramin. Na ƙarshe ba shi da kowa a bayansa sai iska. Ta kuma ce garwashin gefen rami, wanda bayansa ya yi ja tsakiyarsa ɗanye, ba a shigar da shi ɗaki, yana da wani numfashi da ido ba ya gani, yana kwantar da mutum ya ƙi tashi. Na ji maganar da kunnena. Ina so ku riƙe wannan, domin ba zan ce ban sani ba.

A ɗakin ƙarshe Agali yake zaune da matarsa Raishatu. Buzu ne, raƙumansa suka mutu a shekarun wahala, ya zo gidanmu kwana biyu ya yi shekara bakwai. Igiya yake tuƙawa da kaba, ita kuma tana saƙa tabarma. Dogon tsoho ne mai tari, kuma ban taɓa ganin mai ba'a kamarsa ba. Tun ina saurayi yake ce mini Ɗan Fatoma, ya ce wai mu Hausawa da za a sayar da sanyi a kasuwa da mun buɗe masa rumfa. Ni kuma in ce masa Buzun da ba raƙumi ai jaki ya fi shi sanin hanya. Sai ya ja rawaninsa ya rufe baki yana dariya har tarin ya kama shi. Raishatu ba ta da Hausa sosai, ba ta kuma da yawan magana. Amma duk tabarmar da ke gidanmu hannunta ne, har wadda aka shimfiɗa wa uwarku ran da ta tare.

Mahaifina ya rasu da kaka, ana cikin yankan gero, gidan ya dawo hannuna. Ina da shekara talatin ko kusa, da mata da ƴaƴa biyu, ba yaro ba ne da za a ce ƙuruciya. Abin da ke cina shi ne maganar kasuwa. Ana cewa tsoho ya tafi da gidan, baƙi za su koma wajen fatoman da ke ƙofar yamma. Sai ga shi ɗari ya shiga da ƙarfinsa, kuma a daidai lokacin Madugu Alasan ya iso daga Damagaram da ayarinsa zai yi lodin gero. Shekara da shekaru a ƙofar yamma yake sauka. A wannan karon suka sami saɓani, ya aiko a tambaye ni ko ina da wuri. Na share masa ɗakuna uku na bakin zaure. A raina na ce idan wannan mutum ya ji daɗin gidana, bakin kasuwa ya mutu.

Kwana na biyu da magariba yana zaune a ƙofar ɗakinsa cikin bargo, Gwaggo ta wuce shi da kaskon farko, yana ja kamar a ci. Ya bi ta da ido har kusurwar arewa. Nasa da ya zo daga baya, garwashin kara ne da ƴan guntaye. Ya kira ni, bai ɗaga murya ba.

"Fatoma, a gidanku wuta tana wuce baƙo ta tafi wajen mai tuƙa igiya? Ban ce komai ba, tambaya nake."

Shi ne mutum na farko da ya kira ni fatoma ba tare da ya sa ɗa a gaba ba. Washegari na sami Gwaggo a bakin rami, na ce daga yau a fara da zaure, na ƴan kwanaki ne kawai. Ta dube ni har na kawar da kai. Ta ce ubana ya saukar da mutanen da suka fi wannan madugu raƙuma, ba wanda ya juya wutar saboda shi. Na ce ubana yana ƙasa, ni ne a gidan. Ta goge ƙarfen da gefen zanenta, ta miƙo mini, ta ce ita hannunta bai san wannan hanyar ba, in kwasa da kaina. Ta shige ɗakinta.

Haka na fara. Madugu da yaransa suka ɗauki tsakiyar rami, kasko uku, wani lokaci huɗu, don sukan nemi ƙari na dafa abin sha. Kafin in kai kusurwar arewa ba abin da ya rage sai jar toka da ke mutuwa kafin a idar da sallar isha'i. Ranar farko Agali ya leƙa kaskon, ya ce yau an naɗa Sarkin Wuta ke nan, to Allah ya ja zamanin sarki, amma wannan tokar tuwo zai tuƙa da ita ko wanki? Na yi dariya na ce ya yi haƙuri, Buzu ai ba ya jin sanyi. Rana ta biyu ya sake yin ba'ar, muryar ta dishe. Rana ta uku bai fito ba, Raishatu ce ta karɓa a bakin ƙofa. Ina jin tarinsa daga ciki kamar ana tsaga itace. Na ji, na juya na tafi.

A rana ta biyar bayan la'asar ina kunna ramin, yaran madugu suna zaune a gefe suna gyaran buhunan kaba, sai ga Raishatu. Ta durƙusa nesa kaɗan. Da ƴar Hausarta ta ce tsoho ba ya barci, ƙafafunsa kamar dutse, tana roƙon a ba su kwasar farko yau kaɗai. Na ce madugu zai tashi jibi, ta ƙara haƙuri. Ta ce to in yarda ta hura ƴar wuta a ɗaki. Da mu biyu ne ban san abin da zan ce ba. Amma akwai idanu a kaina, sai na ɗaga murya na ce a gidan nan ba a hura wuta a ɗaki, dokar kakana ce, ba zan karya ta don kowa ba. Ku duba mutumin da yake kiran dokar kakansa, alhali kwana biyar ke nan yana taka ta. Ta tashi ta tafi.

Da magariba na gama raba wa zaure da ɗakunan tsakiya, na dawo ramin ba komai. Zuciyata ba ta kwanta ba, maganarta tana yi mini yawo. Sai na ga a gefen rami akwai manyan guntayen aduwa da wuta ta lasa ba ta cinye ba, bayansu ja, cikinsu ɗanye. Na tuna maganar Gwaggo. Na ce a raina maganar tsofaffi ce, kuma ai ba hayaƙi suke yi ba. Na kwashe su na cika kaskon har ya yi tozo, na rufe da toka, na ɗauka. Ina tafe ina jin daɗin kaina, wai na yi alheri ba wanda ya sani, madugu bai rasa ba, Agali bai rasa ba. Raishatu ta karɓa da hannu biyu, ta ji nauyinsa, fuskarta ta saki. Sannan na ƙara abin da har yau idan na tuna nake jin kamar an zuba mini ruwa. Na nuna mata kafar saman ƙofa, na ce ta cusa tsumma a ciki don ɗumin ya zauna. Ta ce Gwaggo ta hana. Na ce ni ne mai gida. Daga ciki Agali ya ce, da murya wadda da ƙyar na ji, Sarkin Wuta ya tuna da talakansa. Wannan ce maganarsa ta ƙarshe da na ji.

Da safe ba wanda ya lura sai Gwaggo. Rana ta fito sosai ba ta ji ƙarar dukan kaba daga kusurwa ba, aikin da Raishatu take fara yini da shi. Ta je ta yi sallama, shiru. Ta kira ni muka ture ƙofar. Ɗakin da ɗumi, da wani nauyi da ya sa kaina ya sara nan take. Agali yana kwance a kan tabarmarsa, hannunsa a ƙarƙashin kumatu kamar mai barci mai daɗi. Raishatu tana kife a bakin ƙofa, iskar da ke shigowa ta ƙasa ce ta riƙe ta. Muka jawo ta waje, Gwaggo ta yi ta zuba mata ruwa har ta yi amai ta buɗe ido. Shi kuwa ya riga ya tafi.

Kafin azahar gidan ya cika. Mai gari ya zo da liman. Kowa yana tsoron kada magana ta kai bariki wajen Nasara a turo gardi, wato ɗan sandan lokacin, ana so a san bakin zaren a rufe. Aka fito da kaskon, ga baƙaƙen guntayen itace a ciki. Aka ga tsumma a kafa. Ɗaya daga yaran madugu ya ce shi shaida ne, jiya matar ta nemi ta hura wuta, mai gida ya hana ta a gabansu. Raishatu tana zaune a jikin bango, kanta a ɗaure, ta ɗaga hannu ta nuna ni, ta ce shi ya kawo. Ta faɗa sau biyu. Wata mata ta ce hayaƙin ne ya taɓa mata kai. Mai gari ya juyo gare ni, ya ce Idi, kai ka ba ta izini? Na ga madugu a tsaye a ƙofar zaure. Na ga Gwaggo tana duban kaskon, ita da ta san kowane itace da ya shiga ramin.

"Ban ba ta izinin hura wuta ba," na ce.

Ba harafin ƙarya a cikin wannan magana, kuma ita ce ƙarya mafi girma da na yi a rayuwata. Mai gari ya ce to ƙaddara ce da taurin kai, a je a yi wa mamaci sutura. Kafin la'asar gari ya gama yanke hukunci, Buzuwa ta saci itace, ta toshe ɗaki, ta kashe mijinta.

Madugu ya tashi washegari kamar yadda ya shirya. Bai sake sauka a gidanmu ba. An ce ya ce gidan da ake kwana a mutu ba masaukinsa ba ne.

Raishatu ta yi takabarta a ɗakin Gwaggo, ba mai shiga gaishe ta sai ɗaiɗaiku. Matan unguwa sun daina sayen tabarmarta. Da ta gama, wani ɗan'uwanta ya zo da jaki zai kai ta can arewa, yankin Tenhya. Na yi niyyar kada in kasance a gida, amma muka yi kiciɓis a zaure. Na kawo gero da zane na ce ta tafi da su. Ba ta dubi kayan ba.

"Da hannunka ka kawo, da hannuna na karɓa. Allah ya ga hannu biyun."

Ta fita ba ta waiwaya ba.

Gwaggo ba ta taɓa tona ni ba, ba ta kuma taɓa yi mini maganar ba. Ran da aka binne Agali ta zo ta ɗauki ƙarfenta daga inda na jingine shi. Har ta mutu ban sake kwasar wuta a gidan nan ba. Sauran ɗarin wannan shekara, kowace magariba sai ta kwashi tsakiyar rami ta kai ɗakin ƙarshe ta ajiye, ɗakin da ba kowa a ciki, a garin da mace take yini neman itace. Ba wanda ya tambaye ta. Ni kaɗai na san wa take nuna wa.

Bayan shekaru, da fatauci ya kai ni arewa, na tambayi labarin Raishatu a rijiyoyin wajen Tenhya. Wani tsohon makiyayi ya san ta. Ya ce labarin ya riga ta zuwa, dangin mijinta suka ƙi ta, ba wanda ya sake neman aurenta. Ta ƙare tana jan ruwa wa dabbobin mutane don a ba ta nono. Ta rasu shekara biyu kafin zuwana. Na tambaye shi kabarin, ya nuna mini fili da hannu, ya ce a nan wajen ne. Na dawo gida ban gaya wa kowa ba. Uwarku ta rayu da ni shekara arba'in, ta mutu tana ce wa yara kada su yi Raishatu, ina zaune ina ji. Sau nawa na buɗe baki in gyara, sai in ga yadda kuke dubana, in haɗiye.

To yanzu na faɗa. Ba ta saci itace ba, ba ta hura wuta ba, ba ta yi taurin kai ba. Ta bi maganar mai gida ne, mai gidan kuwa ni ne. Na roƙi Allah gafara, ban san ko ita ta yafe ba, kuma ba inda zan je in tambaya.

Abu biyu nake roƙonku. Kada wani ya sake kiran sunan matar nan a gidana don tsawata wa yaro. Idan dole sai an kira suna, a kira nawa. Na biyu kuma, kowannenku wata rana za a miƙa masa wani abu da mutane suke jira daga hannunsa, ruwa ne, hatsi ne, magani ne, ko wutar Lawali mai bin bututu. Za a sami babban mutum zaune kusa da ku yana tambaya cikin sanyin murya. Ku gaishe shi da ladabi, ku wuce shi, ku fara kai wa na ɗakin ƙarshe. Kada ku yi abin da na yi.